Jules Verne da Littafinsa da Ya Yi Shekara 130 a Ɓoye

Duk wanda ya zauna a ajin kwaleji ya ji sunan Jules Verne, Bafaranshen da ya kai yara cikin wata da ƙarƙashin teku tun ba a ƙera jiragen zuwa wata ba. An fi saninsa da yabon ilmi da injuna. Amma akwai wani littafinsa da ya saɓa wa wannan, kuma har ya bar duniya ba a buga shi ba.

An haife shi ran 8 ga Fabrairu 1828 a Nant, garin jiragen ruwa a bakin kogin Luwar. Ubansa lauya ne, ya kuwa so ɗansa ya gaje shi, sai ya aika shi Paris koyon shari'a. Ya gama karatun, amma zuciyarsa na wajen rubuta wasannin kwaikwayo, waɗanda ba su ciyad da shi ba. Da ya yi aure a 1857, ya auri wata bazawara mai ƴaƴa mata biyu, dole ya shiga dillancin hannayen jari. Da asuba yakan tashi ya yi rubutu kafin ya tafi aiki.

A 1862 ya gamu da Hetzel, mai buga littattafai, wanda ke neman labaran da za su koya wa yara ilmi cikin nishaɗi. Shekara ta kewayo ya buga masa Mako Biyar a Cikin Balan-balan, labarin Turawan Ingila uku da suka ratsa Afirka ta sama, daga Zanzibar har Sanagal. Sun bi ta Tabkin Cadi, suka wuce bisa Damagaram, suka kwana kusa da Agadas. Verne bai taɓa taka ƙasarmu ba; daga littattafan matafiya ya ɗebo, musamman Barth, wato Abdul Karim, wanda ya sauka Agadas a 1850. Yadda ya siffanta baƙar fata a ciki akwai raini, irin na Turawan zamaninsa, kuma ya kamata malami ya faɗa wa almajiransa haka. Littafin dai ya karɓu ƙwarai.

Sai ya kai wa Hetzel wani, mai suna Paris a Ƙarni na 20. Labarin ya fara ne a Agustan 1960, watan da Nijar ta sami mulkin kai, wato kusan shekara ɗari gaba da lokacin marubucin. Birnin ya cika da fitilun lantarki, motoci na gudu ba dawaki, jiragen ƙasa na bi ta saman tituna, ana aika hoton takarda ta waya zuwa nesa. Sai dai ba abin da ke da daraja sai kuɗi da masana'antu. Jarumin labarin, Michel, maraya ne ɗan shekara 16. Ran rabon kyaututtuka a makaranta ya ci kyautar waƙar Latin, jama'a suka yi masa dariya. Aka sa shi aiki a banki ya kasa. Ya shiga kantuna neman littattafan manyan mawaƙan Faransa, ya tarad da ba wanda ya san su. Daga ƙarshe aka yi wani matsanancin sanyi, yunwa ta kama shi, yarinyar da yake so ta ɓace masa, ya yi ta yawo cikin dare har ya faɗi cikin ƙanƙara a maƙabarta.

Hetzel ya ƙi bugawa. A ganinsa rubutun bai nuna ba, kuma ba wanda zai gaskata irin wannan duba. Ta fuskar rubutu yana da gaskiya, don labarin yana ɗingishi a wurare da dama. Ta fuskar duban kuwa ya yi kuskure. Verne ya ajiye takardun, ya koma ga abin da ake so: Tafiya Zuwa Tsakiyar Ƙasa a 1864, Daga Ƙasa Zuwa Wata a 1865, sannan Kewaya Duniya a Kwana 80. Ya yi suna, ya yi dukiya, ya sayi jirgin ruwa nasa, ya zauna a Amiyan, garin matarsa.

Tsoron nan bai rabu da shi ba. A 1879 ya fitad da labarin wani birnin ƙarfe mai ganuwa, inda wani masani ke ƙera igwa don ya hallaka garin maƙwabtansa. Shekarar 1886 kuma ta zo masa da baƙin ciki: a watan Maris ɗan ƙanensa, wanda hankalinsa ya taɓu, ya harbe shi a ƙafa, ya gurgunce har ƙarshen ransa, bayan kwana takwas Hetzel ya mutu. Duk da haka ya shiga majalisar garin Amiyan a 1888, bai kuwa ajiye alƙalami ba, ko da ciwon sukari ya kama shi, idanunsa suka yi rauni. Ya mutu ran 24 ga Maris 1905.

A 1989 wani tattaɓa-kunnensa ya sa aka buɗe wani tsohon akwatin ƙarfe na gidansu, sai ga takardun. Aka buga littafin a 1994. Kafin nan Huxley da Orwell sun riga sun yi suna da labaran duniyar gobe wadda ta lalace, daga baya kuma irin waɗannan labarai, masu jarumai samari da ƴammata, suka yawaita a hannun ƴan makaranta. Michel ya girme su duka, ko da yake sai da shekarar 1960 ta wuce da shekara 34 kana aka karanta labarinsa.