Charles Spurgeon: Mai Wa'azin Da Bai Ɓoye Ciwonsa Ba

Karatu: 2 Korintiyawa 1:3-7, Galatiyawa 6:2

 Wataƙila kana karanta wannan shafi a kan gadon jinya, ko a bencin asibiti kana jiran a kira ka. Wataƙila kuma jikinka lafiya lau, amma zuciyarka ta yi nauyi wata da watanni. Ranar Lahadi ka shiga majami'a, ka tafa hannu tare da kowa, ka koma gida ba wanda ya san halin da kake ciki. Yau zan ba ka labarin wani bawan Allah da ya sha wannan ɗacin iri biyu, na jiki da na zuciya, da yadda Ubangiji ya riƙe shi ta hannun 'yan'uwa.

An haifi Charles Spurgeon ran 19 ga Yuni, 1834, a wani ƙauye mai suna Kelvedon a ƙasar Ingila. Mahaifinsa mai wa'azi ne, kakansa ma fasto ne, kuma a gidan kakan ya yi wani sashe na ƙuruciyarsa. Duk da haka ya kai shekara 15 bai sami salama da Allah ba. Wata Lahadi a watan Janairu na 1850, ƙanƙara ta hana shi isa inda ya nufa, sai ya ratse ya shiga wata 'yar majami'a a garin Colchester. Mutane kaɗan ne a ciki. Mai wa'azin ranar ba wani masani ba ne, ya ɗauki Ishaya 45:22, ya dubi yaron ya ce masa ya dubi Yesu ya tsira. A nan ya ba da ransa. A watan Mayu na wannan shekara aka yi masa baftisma a rafi.

Yana ɗan shekara 17 ya zama fasto a ƙauyen Waterbeach. A 1854, yana da shekara 19, wata tsohuwar ikkilisiyar Baftis a birnin Landan ta kira shi. Kafin a ce me, majami'ar ta kasa ɗaukar jama'a. A Janairu na 1856 ya auri Susana Thompson, a watan Satumba kuma Allah ya ba su tagwaye maza. Duk wanda ya dube shi a lokacin zai ce wannan saurayi ba shi da sauran damuwa a duniya.

Daren da ya bar masa tabo

Da yake wuri ya yi kaɗan, sai ikkilisiyar ta yi hayar wani babban zauren kiɗa da ake kira Surrey Gardens. Da yammacin 19 ga Oktoba, 1856, mutane fiye da 10,000 suka cika shi maƙil. Ana cikin addu'a, sai wasu suka yi ihu wai wuta ta kama. Babu wata wuta. Amma jama'a suka ruɗe, aka yi ta turereniya a matakalai. Mutum 7 suka mutu, 28 suka ji munanan raunuka.

Spurgeon yana da shekara 22 a lokacin, tagwayensa ba su fi wata ɗaya ba. Sai da aka tallafe shi aka fitar da shi, ba ya iya tsayuwa. Jaridu suka ɗora masa laifi. Ya yi kwanaki yana kuka dare da rana, har ganin Littafi Mai Tsarki ma sai ya sa shi hawaye. Ka lura da abin da ikkilisiyarsa ta yi. Ba su tsawata masa cewa bawan Allah ba ya karaya ba. An ɗauke shi daga hayaniyar gari, aka kai shi da iyalinsa gidan wani ɗan'uwa a Croydon, aka bar shi ya huta. A lambun gidan nan ne maganar Filibiyawa sura 2, game da ɗaukakar sunan Yesu, ta sake haskaka masa zuciya. Bayan mako biyu ya koma kan mumbari.

Ya koma, amma tabon bai tafi ba. Har ƙarshen ransa, cunkoson jama'a yakan tuno masa da wannan dare, jikinsa ya yi sanyi. Daga nan kuma baƙin ciki mai tsanani, irin wanda yau muke kira ciwon damuwa, ya riƙa zuwar masa yana komowa, wani lokaci ba tare da wani dalilin da zai iya nunawa ba.

Ciwo a gida biyu

Aiki ya ci gaba da bunƙasa. A 1861 aka buɗe sabuwar majami'arsu mai kujeru wajen 5,000. Ya kafa makarantar horar da fastoci, ya kafa gidan marayu a Stockwell, ana buga wa'azinsa kowane mako ana aikawa ƙasashe. A cikin wannan albarka ne ciwon jiki ya shigo. Yana wajen shekara 35 ciwon gaɓoɓi da likitoci ke kira gawut ya kama shi. Ciwo ne da ke tasowa idan wani sinadari da ya kamata ya fita ta fitsari ya taru a gaɓa, ya daskare kamar ƙananan allurai. Ƙafa ta kumbura, hannu ya kasa riƙe alƙalami. Daga baya ciwon ƙoda ya haɗu da shi. A cikin shekaru 22 na ƙarshen hidimarsa, kusan kashi ɗaya cikin uku ya yi su ne ba a kan mumbari ba, yana kwance ko yana murmurewa.

Ita ma Susana ba ta tsira ba. Tana da shekara talatin da 'yan kai ciwo ya kwantar da ita. An yi mata aiki, amma ba ta warke sarai ba, ta yi shekaru da yawa da ƙyar take fita, ba ta ma samun zuwa jin wa'azin mijinta. Ka ga gida ɗaya, majinyata biyu.

Ga yadda suka ɗauki juna. Idan ya dawo daga sujadar Lahadi da dare a gajiye, zuciyarsa ta faɗi, ita ce ke zama ta karanta masa littafi har ya sami sauƙi. Shi kuma da ake shirya musu gida tana jinya, ya bi ɗakinta da kansa yana zaɓen kayan da za su sauƙaƙa wa marar ƙarfi zama. In tafiya ta raba su, wasiƙa ba ta yankewa. Ba wanda ya warkar da wani a cikinsu. Amma kowanne ya san ciwo, don haka ba sai an yi dogon bayani ba.

Mu masu gaskata cewa Yesu yana warkarwa har yau, ya kamata mu ji wannan ma. A 1871 zafin ciwon ya kai masa inda ba zai iya jurewa ba. Ya sa kowa ya fita daga ɗakin, ya yi kuka ga Allah kamar yaro ga ubansa, yana tuna masa cewa uba ba ya kallon ɗansa cikin azaba ya yi shiru. Allah ya ji, zafin ya lafa. Spurgeon ya ba da wannan shaida a fili. Amma ciwon kansa bai rabu da shi ba, ya ci gaba da dawowa har shekara 20. Mutumin da ya ga amsar addu'a a take, shi ne kuma ya ɗauki ciwo har kabari, bangaskiyarsa kuwa ɗaya ce a duka biyun. Bulus ya bar Tarofimas ba lafiya a Militas, ya kuma ba Timoti shawara a kan ciwon cikinsa. Saboda haka kada ka yi saurin yanke wa ɗan'uwa hukunci cewa rashin bangaskiya ko ɓoyayyen zunubi ne ya sa bai tashi ba. Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna da shi shiru. Da suka fara neman laifinsa ne suka ɓata.

Abin da ya yi da ciwonsa

Abin da ya sa na zaɓi wannan mutum shi ne bai ɓoye ba. A gaban dubban mutane yakan faɗa cewa ya san duhun zuciya. Ya ware darasi guda ga ɗaliban makarantarsa a kan karayar zuciyar mai hidima, domin idan ta same su kada su ɗauka su kaɗai ne, ko Allah ya yashe su. Ya nuna musu lokutan da ta fi zuwa: bayan babbar nasara, kamar yadda ta sami Iliya bayan Dutsen Karmel, gab da babban aiki, bayan doguwar wahala ba hutu, bayan wani mummunan bugu guda, wani lokaci kuma haka kawai. Ya koya musu cewa jiki da zuciya a haɗe suke, yawan zama wuri ɗaya da rashin hutu suna ƙara nauyin, fita shan iska da tafiya a ƙasa suna taimako. Bai ga hutu a matsayin lalaci ba.

Ya kuma ba da labarin wata rana da ya yi wa'azi a kan kukan Yesu a kan gicciye, sa'ad da ya ji kamar Uba ya yashe shi. Ya yi wa'azin ne daga cikin nasa duhun, yana ganin bai yi wa kowa amfani ba. Bayan haka wani mutum ya zo wurinsa a birkice, yana gab da kashe kansa. Mutumin ya ce bai taɓa jin wanda ya san abin da ke ransa kamar wannan mai wa'azi ba. Spurgeon ya zauna da shi, Allah ya tsamo shi. Bayan wasu shekaru suka sake haɗuwa, mutumin yana cikin hankalinsa, yana tafiya da Ubangiji. A nan Spurgeon ya gane abin da ya sa aka bi da shi ta wannan kwari. Wannan ne abin da karatunmu na yau ke koyarwa: ta'aziyyar da Allah ya yi maka ba taka kaɗai ba ce, ajiya ce domin wani.

Susana ma haka. A 1875, da ta karanta littafin darussan mijinta, ta yi fatan kowane fasto a Ingila ya samu. Ta tattara 'yan kuɗin da take ajiyewa, suka isa kwafi 100, ta aika wa fastoci matalauta. Daga ɗakin jinyarta wannan aiki ya girma, har kafin rasuwarta a 1903 ta raba littattafai wajen 200,000. Wasiƙun fastocin sukan zo da labarin talauci da rashin lafiya, ita kuma ta amsa a matsayin wadda ta sani.

Ikkilisiyar ma ta ɗauki nata kason. Tun 1868 suka naɗa ƙanensa James ya taya shi aikin fasto. Suka riƙa sallamarsa lokacin sanyi ya tafi Menton a kudancin Faransa, inda ɗumi ke sassauta masa gaɓoɓi. Yakan rubuto musu wasiƙa a karanta a sujada, su kuma suna taruwa suna yi masa addu'a. Ya yi wa'azinsa na ƙarshe a majami'arsa ran 7 ga Yuni, 1891. A tafiyarsa ta ƙarshe Allah ya ba Susana ƙarfi ta bi shi. Ya rasu a Menton ran 31 ga Janairu, 1892, yana da shekara 57. Ya bar wa'azi fiye da 3,500 a rubuce, masu ciwo kuma suna samun ƙarfafawa a cikinsu har yau.

Kai fa?

A cikin aikin bishara na shiga gidaje da yawa, na ga cewa a kowace ikkilisiya akwai mai sikila, mai ciwon sukari, mai hawan jini, mai ciwon ƙoda, mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, da wadda tun da ta haihu zuciyarta ba ta dawo daidai ba. Da yawa sun yi shiru domin tsoron bakin mutane. An yi musu addu'a sau ɗaya, sau biyu, da ba su tashi ba sai aka daina zuwa. Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Haka mai ciwo ya fi kowa gane mai ciwo.

Idan kai ne mai ɗauke da nauyin, nemi mutum ɗaya amintacce ka faɗa masa gaskiya. Ci gaba da addu'ar warkarwa, ka kuma ci gaba da ganin likita da shan maganinka. Ciwon damuwa ciwo ne, yana da magani, zuwa asibiti dominsa ba abin kunya ba ne. In tunanin kashe kanka yana zuwa maka, kada ka kwana da shi yau. Faɗa wa fastonka ko wani na kusa, a raka ka wurin likita.

Idan kuwa Allah ya riga ya bi da kai ta wannan hanya, akwai wanda ke jiranka. Ku haɗu ku biyu ko uku bayan sujada ko bayan taron zumunta. Ku saurari juna, ku tuna wa juna ranar asibiti, ku yi addu'a. Abin da aka faɗa a wurin ya tsaya a wurin, kada ya zama gulma da sunan roƙon addu'a. In ka je gaida marar lafiya, ba lallai sai ka yi wa'azi ba. Zauna, ɗebo ruwa, kai yara makaranta, ka kuma dawo mako mai zuwa.

Addu'a: Ya Uba mai jinƙai, ka san jikinmu, ka san zukatanmu. Ka miƙa hannunka ka warkar da marasa lafiya a cikinmu. Waɗanda kuma suke jira, ka ba su ƙarfi, ka ba su 'yan'uwa da ba za su gaji da su ba. Ka cire mana kunya da saurin hukunci, Ruhunka Mai Tsarki ya nuna mini wanda zan ziyarta a wannan mako. A cikin sunan Yesu. Amin.