Bulus Manzo da Naman Kasuwa

An haifi Shawulu, wanda muka fi sani da Bulus, a Tarsus ta ƙasar Kilikiya. Bayahude ne na kabilar Biliyaminu, Bafarisiye, ya yi karatu a Urushalima a wurin Gamaliyel. Tun yana yaro ya san abin da ake ci da wanda ba a ci, ya kuma san wanda ba a haɗa akushi da shi. Amma sa'ad da Ubangiji ya tare shi a hanyar Dimashƙu, sai ya aike shi wurin Al'ummai, wato mutanen da dā ba ya ko sa hannu a ƙwaryarsu.

A Antakiya Yahudawa da Al'ummai masu bi suna ci tare. Bitrus ma ya ci da su, har waɗansu suka zo daga wurin Yakubu, sai ya janye jikinsa don tsoro, Barnaba kuwa ya bi shi. Bulus ya tsauta wa Bitrus a gaban kowa (Galatiyawa 2). Ya kuma ƙi a tilasta wa Titus kaciya. Duk da haka shi ne ya yi wa Timoti kaciya saboda Yahudawan yankin Listra. Kada mu ce masa mai baki biyu. Inda sassauci zai kori ɗan'uwa daga akushi, ba ya tanƙwaruwa. Inda kuwa abin nasa ne, yakan bari.

Wajen shekara ta 50 ya isa Korinti, ya zauna shekara ɗaya da wata shida, yana ɗinkin alfarwa tare da Akila, ya ƙi karɓar ladan wa'azi ko da yake hakkinsa ne. A garin nan nama da yawa na kasuwa daga ɗakunan gumaka yake fitowa. Masu ilimi cikin ikkilisiya suka ce gunki ba kome ba ne, suna cin abinsu. Waɗanda ba su daɗe da barin tsafi ba kuwa, in sun ci, sai lamirinsu ya kāshe su. Da ya rubuto musu daga Afisa, ya yarda masu ilimin suna da gaskiya. Ya ce su sayi nama ba tare da tambaya ba, su amsa gayyatar marar bi kuma. Amma in wani ya nuna naman hadaya ne, a bar shi saboda mai faɗin. Game da kansa, ya gwammace ya bar nama har abada da ya sa ɗan'uwa tuntuɓe (1 Korintiyawa 8 da 10).

Mu da ke Yola da Jimeta ba baƙin wannan magana ba ne. Bachama da Kilba da Chamba muna zama a benci ɗaya ran Lahadi, amma tukwanenmu dabam dabam ne. Maƙwabci ya aiko da naman layya, wannan ya karɓa da godiya, wancan zuciyarsa ta ƙi. Wani ya baro burukutu da ƙyar, ga dattijon ikkilisiya yana kurɓa a gabansa. Mun lura mai ci yakan yi saurin raini, marar ci kuma saurin hukunci, Bulus kuwa ya hana duka biyu (Romawa 14).

Wannan hali ne ya kai shi ga sarƙa. Wajen shekara ta 57 ya kawo gudummawar ikkilisiyoyin Al'ummai Urushalima. Dattawa suka gaya masa dubban Yahudawa masu bi suna zarginsa da rushe Shari'ar Musa, suka roƙe shi ya tsarkake kansa tare da mutum huɗu masu wa'adi, ya biya kuɗin askinsu. Ba dole ba ne a gare shi, amma ya yarda. Kwana bakwai ɗin ba su cika ba aka kama shi cikin Haikali. Ya yi shekara biyu a tsare a Kaisariya, biyu kuma a Roma. Labarin da ikkilisiya ta gāda ya nuna an fille kansa a can, a zamanin Kaisar Nero.