Rashidi Yekini: Ɗan Kaduna da Ya Fara Ci wa Najeriya Ƙwallo a Gasar Kofin Duniya

A shafin tarihi na wannan mako na kawo muku rayuwar marigayi Rashidi Yekini. Da yawanmu mun san sunayen 'yan wasan Ingila da Sifaniya kamar sunayen 'yan gidanmu, amma idan aka tambaye mu wanda ya fara ci wa ƙasarmu ƙwallo a gasar kofin duniya, sai mu yi shiru.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Rashidi Yekini a Kaduna ranar 23 ga Oktoba, 1963. Iyayensa Yarabawa ne, asalinsu garin Ira da ke Jihar Kwara. Bai tashi a gidan wadata ba. Ya yi aikin walda da kanikanci don ya samu abin sakawa a baki, yana kuma buga ƙwallo idan ya samu sarari. A 1981 ya shiga ƙungiyar kamfanin saƙa na UNTL da ke Kaduna. Daga nan ya koma Shooting Stars ta Ibadan, wadda ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 1984, amma Zamalek ta Masar ta doke ta. Bayan haka ya buga wa Abiola Babes ta Abeokuta, sannan Africa Sports ta birnin Abijan.

A 1990 ya tafi Fotugal, ya shiga ƙungiyar Vitória de Setúbal. A kakar 1993 zuwa 1994 shi ne ya fi kowa cin ƙwallo a babbar gasar ƙasar, da ƙwallaye 21. A 1993 kuma aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. Shi ne ɗan Najeriya na farko da ya samu wannan kyauta.

Hanyar zuwa Amurka

An fara gasar kofin duniya tun 1930, amma fiye da shekara sittin Najeriya ba ta taɓa zuwa ba. Sai ranar 8 ga Oktoba, 1993, da Super Eagles suka yi kunnen doki, ci ɗaya da ɗaya, da Aljeriya a gidanta, sannan aka samu gurbi. Kocinsu a lokacin shi ne Clemens Westerhof, mutumin ƙasar Holan. Kafin a tafi Amurka, a watan Afrilun 1994, Najeriya ta ɗauki kofin Afirka a Tunisiya bayan ta ci Zambiya biyu da ɗaya. Yekini ne ya fi kowa cin ƙwallo a gasar, da guda biyar.

Ranar da ya riƙe raga

Wasan Najeriya na farko ya kasance ranar 21 ga Yuni, 1994, a birnin Dallas, tsakaninta da Bulgeriya. A lokacin ba a ma ƙirƙiro Jihar Zamfara ba, sai a 1996. Talata Mafara da Bakura da Maradun duk suna cikin Jihar Sakkwato ne. Babu wayar hannu balle intanet, sai rediyo da talabijin, kuma a nan gida dare ya riga ya tsala.

A minti na 21, Finidi George ya kawo ƙwallo daga gefen dama ya miƙo ta gaban raga, Yekini ya tura ta ciki. Bai ruga wajen 'yan kallo ba. Sai ya bi ƙwallon har cikin raga, ya cusa hannuwansa a zaren ragar, yana jijjiga ta yana ihu saboda murna. Wannan hoto har yau ana nuna shi duk lokacin da ake maganar gasar 1994. Daniel Amokachi, wanda shi ma haifaffen Kaduna ne, ya ƙara ta biyu, Emmanuel Amunike ya ci ta uku. Aka tashi uku da nema. Kada a ɗauka Bulgeriya kanwar lasa ce, domin ita ce ta zo ta huɗu a wannan gasa.

Bayan haka Ajantina ta ci Najeriya biyu da ɗaya, Najeriya kuma ta ci Girka biyu da nema, ta zo ta ɗaya a rukuninta. A zagaye na biyu ta haɗu da Italiya. Najeriya na gaba da ci ɗaya har saura minti biyu a tashi, sai Roberto Baggio ya farke, ya kuma ƙara ta biyu da fanareti a ƙarin lokaci. Nan tafiyar ta tsaya.

Ƙarshen rayuwarsa

Yekini ya sake zuwa gasar kofin duniya a Faransa a 1998. Gaba ɗaya ya ci wa Najeriya ƙwallaye 37. Da ƙarfinsa ya fara raguwa sai ya dawo gida, ya buga wa Julius Berger da Gateway, sannan ya ajiye takalmi. Ya zauna a Ibadan, ba ya son hayaniya, ba a cika ganinsa a taro ba. A shekarunsa na ƙarshe ya yi fama da rashin lafiya, kuma mutane da yawa da suka yi ta tafa masa ba su san halin da yake ciki ba. Ya rasu ranar 4 ga Mayu, 2012, yana da shekara 48. An binne shi a Ira.

Abin da za mu ɗauka

A cikinmu akwai masu tashi daga makaranta su wuce gareji, ko shagon walda, ko gonar rani a Bakolori. Kada wani ya raina su, kada su ma su raina kansu, domin daga irin wannan wuri Yekini ya fito. Sannan idan mutum ya yi wa jama'a hidima, bai kamata a manta da shi ba ranar da ya kwanta ciwo. Wannan ya shafi tsofaffin malamanmu da suka yi ritaya ma, ba 'yan ƙwallo kaɗai ba.

Allah ya jiƙan Rashidi Yekini, ya gafarta masa kurakuransa, amin.

Daga ɗan aji biyu, ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida.