Henry Berry Lowry: Saurayin da Aka Sa Dala 12,000 a Kansa, Mutanensa Suka Ƙi Sayar da Shi

Bari in fara da yi maka tambaya, mai karatu. A ce gidanku babu na cefane, sai gwamnati ta yi shela cewa duk wanda ya kawo mata wani saurayin unguwarku, a raye ko a mace, za ta ba shi kuɗin da zai sayi gona ya gina gida har ya yi saura. Kai kuma ka san inda yake kwana. Jiya ma ya sha ruwa a ƙofar gidanku. Me za ka yi?

Wannan jarrabawar ce ta samu wata al'umma a Amurka shekara 150 da 'yan kai da suka wuce. Sunan saurayin Henry Berry Lowry, al'ummar kuma yau ana kiranta Lumbee.

Idan ba ka taɓa jin sunan ba, ba laifinka ba ne. Lumbee 'yan asalin ƙasar Amurka ne, irin waɗanda muke gani a fim muna ce musu Indiyawan daji, sai dai su ba su yi kama da na fim ɗin ba. Manoma ne masu gidajen katako, masu zuwa coci, kuma tun da daɗewa Turanci ne harshensu. Cibiyarsu gundumar Robeson ce a jihar Karolina ta Arewa, a bakin kogin Lumber, wuri mai fadamu da itatuwa a tsaye cikin ruwa. Kakanninsu ragowar ƙabilu ne dabam-dabam da yaƙi da cututtuka suka tarwatsa bayan zuwan Turawa, suka taru a waɗannan fadamu saboda baƙo ba ya iya ratsa su. Yau yawansu ya haura 55,000, kuma babu ƙabilar 'yan asali da ta kai su yawa a gabashin kogin Misisipi. A zamanin Henry ba a fara kiransu Lumbee ba tukuna. Yankinsu ake cewa Scuffletown.

An haifi Henry wajen shekarar 1845, cikin 'ya'ya 12 na Allen Lowry da matarsa Mary. Babansa manomi ne mai gonar kansa, dattijo da ake ganin girmansa. To amma tun kafin a haifi yaron, jihar ta riga ta ɗaure mutanensa. A 1835 aka gyara kundin tsarin mulki, aka hana duk wanda ba farar fata ba jefa ƙuri'a ko da ɗa ne ba bawa ba. A 1840 aka ƙara da dokar hana su riƙe bindiga sai da izini. Ka dubi mutumin da ke farauta ya ciyar da iyalinsa a ce masa haka.

Sai yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861. Karolina ta Arewa tana ɓangaren Kudu, masu son a ci gaba da bauta. Ba su yarda su ba Indiyawan bindiga ba, amma suna son ƙarfinsu. Aka riƙa kama samarin Robeson ana kai su aikin dole a Fort Fisher, wani sansanin soja a bakin teku kusa da birnin Wilmington, inda suke haƙa da jidar yashi tare da bayi. Ga yunwa, ga sanyi, ga cutar shawara da ta yi ta'adi a birnin a 1862. Samari suka fara gudu suna ɓuya a fadama. A can suka haɗu da bayin da suka tsere da sojojin Arewa da suka kuɓuce daga kurkuku. Tun da maza ba sa gona, yunwa ta shiga gidaje, masu ɓuyan suka fara kai samame rumbunan masu hali.

Akwai wasu 'yan banga na gwamnatin Kudu da ake kira Home Guard, su ne masu farautar waɗannan samari. A Disambar 1864 aka harbe wani maƙwabcin gidan Lowry mai suna James Barnes, wanda ya zarge su da satar dabbobinsa. Wata guda bayan haka aka harbe James Brantley Harris, jami'in da ke kamen aikin dole, wanda ya riga ya kashe samari uku daga dangin Lowry. Duka biyun Henry aka ɗora wa.

Ranar 3 ga Maris, 1865, 'yan bangan suka dira gidan Allen Lowry. Suka ce sun ga kayan sata da bindigogi. Babu alƙali babu kotu, su suka yi tuhuma su suka yanke hukunci, suka harbe dattijon da ɗansa William. Labarin da Lumbee suka gada kaka da kakanni shi ne Henry yana laɓe a cikin kurmi yana kallo. Lokacin bai wuce shekara 20 ba, wato sa'an yawancinmu ne. Kwanaki kaɗan bayan haka rundunar Janar Sherman ta Arewa ta iso gundumar, wata ɗaya kuma yaƙin ya zo ƙarshe.

Ka san abin da ya fi ciwo? Yaƙi ya ƙare, an 'yanta bayi, amma cikin waɗanda suka kashe Allen da William babu wanda aka hukunta. Wasunsu ma sababbin muƙaman tsaro suka samu. Henry kuwa, ranar 7 ga Disamba, 1865, ana tsakiyar shagalin aurensa da Rhoda Strong, jami'ai suka shigo suka kama ango a gaban baƙi. Aka kai shi kurkukun Whiteville. Bai daɗe ba ya yanke ƙarfen taga da zarto ya fice, kuma mutanen yankin sun yi imani amaryar ce ta shigar masa da zarton. A 1868, da aka samu sabuwar gwamnati a jihar, ya miƙa kansa bisa alkawarin za a yi masa shari'ar adalci. Da ya ji ƙishin-ƙishin za a kashe shi kafin zama, ya sake tserewa daga kurkukun Lumberton. Daga nan bai ƙara shiga hannu ba.

Ƙungiyarsa ba ta da yawa. Akwai 'yan'uwansa Steve da Tom, da surukansa Boss da Andrew Strong, da danginsa irin su Henderson Oxendine. Akwai George Applewhite, baƙar fata tsohon bawa, akwai kuma Zachariah McLaughlin, farar fata talaka. A Kudancin Amurka na wancan lokaci, a ga Ba'indiye da baƙi da fari sun haɗa kai a kan masu mulki, wannan kaɗai ya isa ya hana manya barci.

Gidajen masu dukiya suke shiga, kuma abin da suka kwaso, nama ne ko masara ko tufafi, yakan kai ga gidajen talakawa. Shi ya sa wasu ke kwatanta shi da Robin Hood. Amma kada in yi maka kwalliya: sun kashe mutane. A farkon 1869 sun harbe Reuben King, tsohon shugaban 'yan sandan gundumar, a cikin gidansa lokacin fashi. Sun kashe wani ɗan leƙen asiri da ya shiga cikinsu da sunan malami. Waɗannan mutane suna da mata da 'ya'ya da suka yi kuka. Gwamnati ta ayyana su a matsayin waɗanda jininsu ya halatta, aka turo sojojin tarayya, aka yi ta ƙara ladan kan Henry har ya kai dala 12,000, a lokacin da lebura ke wuni a gona kan abin da bai wuce dala ɗaya ba.

Duk da haka shekara bakwai ana abu ɗaya, ba a iya gamawa da shi ba. Ya san fadamar kamar yunwar cikinsa, wannan gaskiya ne. Ana ba da labarin ranar da ya yi kiciɓis da dakaru 18 a bakin kogin Lumber a Yulin 1871, yana cikin kwalekwale shi kaɗai. Ya faɗa ruwa, ya karkata kwalekwalen ya mai da shi garkuwa, yana harbi yana matsowa har suka watse. Amma fa jarumta ba ta ciyar da mutum shekara bakwai. Akwai matan da ke dafa abinci su aika, akwai yaran da ke rugawa su ba da labari in an ga baƙin fuska, akwai tsofaffin da in an tambaye su sai su ce ba su ga kowa ba. Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Kafin sojoji su kai wuri, labarinsu ya riga su isa.

Da abin ya ishi hukuma, a wannan watan na Yuli sai ta kama matan 'yan ƙungiyar, har da Rhoda, ta kulle a Lumberton don mazan su fito. Henry ya aika da takarda yana gargaɗin cewa in ba a sake su ba za a ga zubar jinin da ba a taɓa gani ba. Fararen gundumar da kansu suka matsa, aka saki matan. Labarin ya kai jaridun New York, aka riƙa turo 'yan rahoto har cikin fadama.

A Fabrairun 1872 suka shiga Lumberton da dare, suka ɗauke akwatin ƙarfe na ajiyar kuɗi daga wani babban kanti, da fiye da dala 20,000 a ciki. Bayan 'yan kwanaki, Henry Berry Lowry ya ɓace. Wasu suka ce bindigarsa ce ta tashi da shi yana gyara ta, 'yan'uwa suka binne shi a asirce don kada a kai gawarsa a karɓi lada. Wasu suka ce ya fice daga jihar ya tsufa a wani wuri. Yawancin sauran kuwa ɗaya bayan ɗaya aka gama da su. Henderson Oxendine an riga an rataye shi a 1871. Boss da Tom da Andrew duk a 1872 aka harbe su, Steve kuma a 1874. Rhoda ta rayu har 1909, ta tafi da abin da ta sani. Dala 12,000 ɗin nan har yau babu wanda ya karɓa.

Bindigar Henry ba ta dawo da babansa ba, kuma kusan duk waɗanda suka bi shi ba su ga tsufa ba. Abin da ya rage bayansa shi ne haɗin kan da ya ɓoye shi, kuma ka dubi inda aka kai shi. A 1885 jihar ta amince da su a matsayin Indiyawa, ta ba su damar makarantunsu. A 1887 aka kafa musu makarantar horon malamai. Dala 500 kacal gwamnati ta ware, ta ce ginin su san yadda za su yi. Suka yi karo-karo, suka kawo katako da ƙarfinsu suka gina, aka buɗe da ɗalibai 15. Wannan makarantar ce yau Jami'ar Karolina ta Arewa da ke Pembroke.

A 1953 jihar ta amince da sunan Lumbee. A 1956 majalisar tarayya ta karɓi sunan amma ta hana su tallafin da sauran ƙabilu ke samu, abin da ya sa suka shafe gomman shekaru suna zarya Washington. Ranar 18 ga Janairu, 1958, ƙungiyar Ku Klux Klan, ta fararen fata masu tsananin wariya, ta kira gangami kusa da garin Maxton don ta tsorata su. Ɗaruruwan Lumbee suka kewaye filin, wani ya harbe ƙwan fitila ɗaya da ke wurin, 'yan Klan suka ranta a na kare cikin duhu. Shugabansu fadama ya faɗa. Babu wanda ya mutu.

In ka je Pembroke a makon farko na Yuli, za ka tarar da bikin dawowa gida da suke yi duk shekara tun sama da shekara 50. Waɗanda neman aiki ya kai Baltimore da Detroit sukan cika motoci su dawo. Ana jerin gwano a titi, ana rawar gargajiya da ganguna, ana waƙoƙin coci, ana gasar sarauniyar Lumbee, ana cin soyayyar wainar masara da dafaffen ganye a tsakiya. A 1976 aka fara wani wasan kwaikwayo na fili mai suna Strike at the Wind! kan rayuwar Henry da Rhoda, kuma akwai lambar yabo da ake bayarwa da sunansa ga wanda ya yi wa al'umma hidima. Gwamnatin ƙabilar tana taimaka wa mutanenta da gidaje, tana kula da tsofaffi da tsofaffin sojoji, tana da cibiyoyin yara da matasa.

To jarumi ne ko ɗan fashi? A Robeson ma an daɗe amsar tana bin launin fatar wanda ka tambaya. Ni dai abin da na gani shi ne, inda aka rufe ƙofar kotu aka hana ƙuri'a, tura takan kai bango, kuma abin da ke biyo baya ba ya zaɓar wanda zai ci. Henry ya rama, ya kuma jawo wa gidaje da yawa makoki, har da nasa. 'Ya'yan waɗanda suka ɓoye shi kuwa makaranta suka gina, ita ce kuma har yau take yaye ɗalibai.

Mu da muke zamanin da sirrin aboki ke fita da dannawa ɗaya, don mabiya ko don 'yan kuɗin data, tambayar farko tana nan tana jiranmu. Mutanen Scuffletown ba su da abincin gobe, suka ga dala 12,000 suka kau da kai. Kai nawa ne naka farashin?