Likita Mila da Majami'ar Ƙasa ta Wusasa

Duk wanda ya je Wusasa kusa da Zariya zai ga tsohuwar majami'ar St. Bartholomew, ginin tubali da yaɓe irin na magina Hausawa, wadda aka gina a 1929. Mu mutanen ƙasar Haɗeja mun san abin da damina ke yi wa ginin ƙasa in babu mai kula. Wannan kuwa tana tsaye har yau, ana adana ta don tarihi. Amma labarinta ba ya cika sai an ambaci Likita Walter Miller, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila.

An haife shi a Ingila a 1872. Ya karanta likitanci, ya tafi Tarabulus ya koyi Hausa a bakin Hausawan da ke can. A 1900 ya biyo Bishop Tugwell zuwa Kano, amma Sarki Aliyu Babba ya sallame su. Suka koma Girku, inda ɗaya daga cikinsu ya rasu.

Bai karaya ba. A 1905 ya zauna cikin birnin Zariya, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Masu bi ba su yi yawa ba. Waɗanda suka taru a Gimi, yawancinsu zuriyar Isawa, ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna. Sai dai yaran da ya koyar sun zama mutane. Cikinsu akwai R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa. Mila mutum ne mai kafiya, bai iya ɓoye abin da ke ransa ba, har jami'an mulkin Turawa 'yan ƙasarsa sun sha fama da shi.

Da aka fitar da mishan daga cikin ganuwa zuwa Wusasa, ba shi ya zauna ya ci moriyar sabon wurin ba. Ya koma Kano ya duƙufa kan fassara, har Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito cikakke a 1932. Majami'ar ta cika da almajiransa da 'ya'yansu, a nan ma Yakubu Gowon ya tashi. Mila ya rasu a 1952 a ƙasar Jos.