Vic Edelbrock: Bakaniken da ya koya wa inji shan iska

Idan kana cikin masu raba dare suna kallon bidiyon motoci a TikTok ko YouTube, ka san yadda abin yake. A ɗaga bonet, ga wani farin ƙarfe yana walƙiya a saman inji, a taka totur, ƙara ta cika maka kunne, kai kuma ka danna alamar so ka wuce. Wata rana ka tsaya ka duba jikin ƙarfen nan da kyau. Sau da yawa za ka ga an zana suna a kai: Edelbrock. Sunan mutum ne, wani bakanike ɗan Amurka da ya rasu tun 1962. Yau labarinsa na kawo maka, don a cikinsa akwai amsar tambayar da masu gyaran injin gudu suke ta musu a kai har yanzu: a bar manifol ɗin da mota ta fito da shi daga kamfani, ko a cire a sa na kasuwa?

Kafin mu shiga labarin, bari mu san mene ne manifol ɗin ma. Inji yana aiki ne da iska da fetur. Fistan yakan yi ƙasa a cikin silinda ya zuƙo iska, a gauraya ta da mai, filogi ya ba da wuta, abin ya fashe ya tura fistan. Manifol na shigar iska shi ne ƙarfen nan mai rassa da ke karɓar iskar daga wuri guda ya raba wa kowace silinda rabonta. A tsofaffin motoci kafireta tana zaune a kansa, don haka iska da mai ne suke bi ta ciki tare. In rabon ya yi daidai, inji ya yi ƙarfi. In wata silinda ta ƙoshi wata ta kwana da yunwa, ƙarfi ya zube. To, a kan wannan ɗan rabon mutumin namu ya gina rayuwarsa.

An haifi Otis Victor Edelbrock a ranar 16 ga Agusta, 1913, a wani ƙaramin gari mai suna Eudora a jihar Kansas. Iyayensa suna da shagon kayan masarufi, da shi gidan ya dogara. A 1927 gobara ta cinye shagon. Vic yana ɗan shekara 14 ya ajiye karatu ya shiga neman abin da za a ci a gida, kuma garejin gyaran mota ne ya karɓe shi. Ka ga ke nan mutumin da injiniyoyi suka dawo suna nazarin aikinsa bai taɓa zama ajin jami'a ba. Hannu baƙi ƙirin da mai, nan ne makarantarsa.

Da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe a farkon shekarun 1930, aiki ya yi wuya a Kansas. A 1931 ya tattara ya koma Kalifoniya wajen ɗan'uwansa Carl. A 1933 ya auri Katherine Collins, kuma a shekarar ya buɗe gareji tare da ɗan'uwan matarsa a titin Wilshire da ke Beverly Hills. Shekara guda bayan haka ya buɗe nasa na kansa a Los Anjeles. A 1936 aka haifa masa ɗa namiji, wanda shi ma aka sa wa suna Vic. Har zuwa nan dai labarin bakanike ne kamar kowane: a kawo mota, a gyara, a biya.

Abin ya sauya a 1938, lokacin da ya sayi wata Ford ƙirar 1932 marar rufi. Motar tana ɗauke da injin nan mai silinda takwas da ake kira flathead, wanda bawul ɗinsa suke cikin jikin injin a gefen silinda, shi ya sa murfin kansa ya zama shimfiɗaɗɗe. Ford ta fito da shi a 1932 da ƙarfin doki 65. Yana da araha, yana ko'ina, don haka ya zama abin wasan samarin Kalifoniya masu son gudu. Sai dai Ford ta ƙera shi ne don mai iyali ya je aiki ya dawo lafiya. Kafireta ɗaya ce tal take ciyar da silinda takwas, kuma hanyoyin iskar cikinsa a matse suke. Inji ne mai son gudu amma numfashi ya hana.

Vic ya haɗa kai da wani mai suna Tommy Thickstun suka yi manifol mai ɗaukar kafireta biyu. Ga inda nake so ka lura: wannan manifol ɗin na kasuwa ne, sabo ne, har da hannun Vic a cikinsa, amma da ya gwada bai gamsu da aikinsa ba. Da wani ne, sai ya ce ai kafireta biyu ta fi ɗaya, magana ta ƙare. Shi kuwa ya koma ya zana nasa. Ya kira shi Slingshot, wato danƙon harbin tsuntsu, kuma in ka ga hotonsa za ka gane dalili, don ya yi reshe biyu kamar gwafa. An zuba shi da alminiyam, yana ɗaukar kafireta biyu ƙirar Stromberg 97.

A ina ake gwaji? A arewa maso gabashin Los Anjeles, tafiyar kusan kilomita 130, akwai busassun tafkuna a cikin hamadar Mojave. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai tauri, ba kwana ba gargada. Mafi shahara shi ne Muroc, wanda yanzu yake cikin sansanin sojin sama na Edwards. Ƙarshen mako Vic yakan tuƙa motar zuwa can, ya kwance gilashin gaba da marufan tayoyi don rage nauyi da jan iska, ya yi tsere, ya mayar da su, ya tuƙo abarsa gida. Motar zuwa aikinsa ita ce motar tserensa, ita ce kuma ɗakin gwajinsa. Ya canza abu, ya je ya auna da agogo, ya dawo ya sake canzawa. A ranar 16 ga Nuwamba, 1941, motar ta yi gudun mil 121.42 a awa, wato kimanin kilomita 195. Ka tuna fa, mota ce ta 1932.

Wannan lambar ita ta yi masa talla. Abokan tsere suka fara cewa a yi musu irin nasa, har ya ƙera kusan guda ɗari. Amma makonni uku bayan wannan gudu Japan ta kai hari Pearl Harbor, Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu, aka hana tseren motoci don tattalin taya da mai. Vic ya koma aikin sarrafa ƙarfe a masana'antar jiragen ruwa ta Todd. Shekarun ba su tafi a banza ba, don a nan ya ƙara gogewa wajen yanka ƙarfe daidai da awo.

Bayan yaƙi ya koma sana'a gadan-gadan. A 1946 ya buga kundin kayansa na farko, mutane suka fara yin oda daga wasu jihohi. Ya ƙara da murfin kan inji na alminiyam. Sannan ya yi abin da ba kowane mai gareji yake yi a lokacin ba: ya sayi na'urar auna ƙarfin inji, wadda ake kira daino. Ana ɗaura inji a kanta, a kunna, ta nuna ƙarfin da yake bayarwa a kowane matakin juyawa. Daga nan musu ya ƙare a shagonsa. In kaya ya ƙara ƙarfi, na'ura za ta nuna. In ƙara kawai ya ƙara, ita ma za ta tona.

Sakamakon ya fito fili a 1950 a filin Gilmore na Los Anjeles, inda ake tseren ƙananan motoci. Masu injin Offenhauser, wanda aka ƙera musamman don tsere, su ne suka mallake filin. Vic ya shigo da motar da ke ɗauke da ƙaramin injin Ford na talakawa, V8-60, wanda ya gyara da kayansa, ya kuma gauraya wa mansa sinadarin nitromethane. Direbansa Rodger Ward ya doke su duka. Wannan Ward ɗin shi ne daga baya ya lashe gasar Indianapolis 500 sau biyu, a 1959 da 1962.

Da Chevrolet ta fito da sabon ƙaramin injinta mai silinda takwas a 1955, zamanin flathead ya fara shuɗewa. Vic bai tsaya kukan tsohon abokinsa ba, ya ɗora sabon a kan daino. A 1958, da wani manifol nasa mai suna Cross Ram, ya fitar da ƙarfin doki ɗaya daga kowane inci na girman injin 283, mai kimanin lita 4.6. A wancan zamanin abin a jinjina ne.

Bai yi tsawon rai ba. Cutar daji ta ɗauke shi a watan Nuwamba na 1962 yana da shekara 49. Ya bar kamfani mai ma'aikata goma a hannun ɗansa mai shekara 26, wanda ya riƙe shi ya faɗaɗa shi har ya zama suna a duniyar gyaran mota.

Yanzu mu dawo kan tambayarmu: na kamfani ko na kasuwa? Abin da gwaje-gwajen irin na Vic suka tabbatar shi ne, babu manifol ɗin da ya fi kowane a ko'ina. Doguwar hanya siririya tana sa iska ta yi sauri ko da inji yana juyawa a hankali, sai ka samu ƙarfin tashi da hawan tudu. Gajeriyar hanya mai faɗi tana barin iska mai yawa ta wuce lokacin da inji ke kururuwa a sama, amma a ƙasa sai motar ta yi sanyi kamar ba ta ci abinci ba. Shi ya sa a injin silinda takwas ake da iri biyu. Akwai mai ɗaki biyu, inda aka raba cikin manifol gida biyu kowane yana ciyar da silinda huɗu, suna zuƙa bi da bi. Wannan ya dace da motar titi. Akwai kuma mai ɗaki ɗaya buɗaɗɗe, na injin tsere da ke rayuwa a saman juyi dubu biyar ko shida a minti. Ka ɗora na biyun a motar da kake shiga go-sulo da ita, ka sayi wahala da kuɗinka: shan mai ya ƙaru, tashi ya yi nauyi.

Kuma kar ka raina na kamfani. Na zamanin Vic an yi shi da ƙarfe mai nauyi, da araha a zuciya, shi ya sa akwai gibin da zai cike. Motocin yanzu masu injekta, da yawansu manifol ɗinsu na roba ne mai ƙarfi, marar nauyi, wanda ba ya ɗaukar zafi kamar ƙarfe, an kuma zana shi da kwamfuta. Wasu ma suna da ƙofa a ciki da ke sauya tsawon hanyar iska gwargwadon juyin inji. In ba ka taɓa kamshaf ba, ba ka buɗe hanyoyin murfin kan inji ba, ba ka gyara salansa ba, to da wuya manifol ne yake shaƙe injinka. Na kasuwa yana biyan kuɗinsa ne idan sauran sassan sun riga sun fi ƙarfin na kamfanin, kuma bayan an sa shi dole a sake saita kafireta ko kwamfutar motar. Kar ka manta da tsayi ma, don wani in ka ɗaura shi bonet ba zai rufu ba.

Don haka in wata rana ka kai ga gina injinka, ko abokinka ya turo maka hoton wani mai ƙyalli yana cewa zai yi oda, ka yi masa tambayoyin da Vic zai fara yi. A wane juyi motar nan take yawan aiki? Me aka riga aka canza a injin? Ina lambar da ta nuna ƙarfin kafin a sa da bayan an sa? In mai sayarwa ba shi da amsar ta ukun sai bidiyo mai ƙara, ka riƙe kuɗinka tukuna. Mutumin da sunansa ke jikin ƙarfen ya taɓa ajiye manifol ɗin da ya sa hannu aka yi, saboda agogo bai yarda da shi ba.