BILI YARO, ƊAN FASHIN DA AKA MAI DA BAHAGO

Labarin da zan ba ku na wani yaro ne na ƙasar Amurka wanda Turawa ke kira Billy the Kid, watau Bili Yaro. Sunansa na yanka Henry McCarty. An haife shi a 1859, iyayensa kuwa mutanen ƙasar Ayalan ne da suka ƙaura. Uwarsa ta yi ta yawo da shi har suka sauka a Silver City, cikin yankin Niyu Meziko, inda tarin fuka ya kashe ta a 1874. Mijin uwar bai kula da shi ba. Ga yaro ɗan shekara goma sha huɗu ko sha biyar, ba uwa ba uba, a garin masu haƙar azurfa.

Shekara guda bayan haka aka kama shi da kayan da aka sato daga gidan wankin wani mutumin Sin. Da ya ke siriri ne, sai ya bi ta bututun hayaƙin kurkukun ya sulale, ya nufi Arizona. Can ya koyi satar dawaki. A watan Agusta 1877 faɗa ya haɗa shi da wani maƙeri, Cahill, wanda ya saba cin zalinsa. Maƙerin ya kā da shi ƙasa, shi kuwa ya zaro libarba ya harbe shi. Wannan ne ransa na fari. Ya gudo Niyu Meziko, ya sake suna, ya koma William Bonney.

To, a gundumar Lincoln akwai waɗansu attajirai biyu, Murphy da Dolan, waɗanda suka kankane ciniki duka, har da kwantiragin sayar wa gwamnati naman shanu. Sai wani saurayi Bature daga Ingila, John Tunstall, ya zo ya buɗe nasa kanti da garke, ya ɗauki Bili aiki. Ran 18 ga Fabrairu, 1878, mutanen su Dolan suka tare Tunstall a hanya suka kashe shi. Yaransa suka yi rantsuwar ramuwa. Ran 1 ga Afrilu suka yi wa Brady kwanto a tsakiyar gari suka harbe shi, shi kuwa Brady shi ne sherif, watau shugaban 'yan dokan gunduma. Mutum wajen shida suka yi harbin, amma Bili kaɗai aka yanke wa hukunci a kansa.

A 1879 Gwamna Lew Wallace, wanda ya rubuta littafin nan Ben-Hur, ya gana da shi da dare, suka shirya cewa in ya ba da shaida a kan wani kisan da ya gani da idonsa, za a yi masa afuwa. Bili ya ba da shaida. Afuwa ba ta zo ba. A nan ina ganin an cuci yaron, ko da ya ke wannan bai wanke shi daga abin da ya yi daga baya ba.

A wajen wannan lokaci ne, ƙarshen 1879 ko farkon 1880, wani mai ɗaukar hoto ya biyo ta Fort Sumner, Bili ya tsaya aka ɗauke shi. Shi ne hoto ɗaya tak da masana suka haɗu a kan cewa nasa ne. Na daɗe ina dubansa, ban ga abin tsoro a ciki ba. Ga malafa a lanƙwashe, ga riguna bisa riguna duk sun yamutse, baki a ɗan buɗe, haƙoran gaba sun leƙo. Ya dafa doguwar bindiga ƙirar Winchester, gindinta a ƙasa, libarba kuma na rataye a ƙugu. Waɗanda suka san shi sun ce hoton bai yi masa adalci ba, don shi mai fara'a ne, mai son rawa, ya kuma iya Sifaniyanci sarai.

Abin lura a nan shi ne irin hoton. A kan wani ɗan fallen ƙarfe aka ɗauke shi, sirara kamar gwangwani, tsawonsa inci uku, faɗinsa inci biyu. Irin wannan hoto juye ya ke fitowa kamar fuska a madubi, dama ta koma hagu. Mutane suka ga libarba a ƙugun hagu, suka ce ai bahago ne. Wannan ya rubuta, wancan ya kwafa, har aka yi sinima a 1958 mai suna The Left Handed Gun, watau bindigar bahago, Paul Newman ya fito a matsayin Bili. Alhali kuwa amsar tana cikin hoton. Bindigar Winchester ta 1873 ƙofar ɗura mata harsashi a dama ta ke, a hoton kuwa ga ta a hagu. Da an kai shi gaban madubi da magana ta ƙare. Mu da za mu tsaya gaban yara da littafi a hannu, ba mu da bakin yi wa marubutan nan dariya, gama mu ma kwafa mu ke yi.

Haka kuma maganar cewa ya kashe mutum 21, ɗaya a kowace shekara ta ransa. Lissafin ya yi daɗin faɗi ƙwarai, shi ya sa na ƙi yarda da shi. Masu bincike sun tsaya a kan takwas ko tara, cikinsu huɗu ne aka tabbata da hannunsa shi kaɗai.

Gwamna Wallace ya sa ladan dala 500 a kansa. Sabon sherif, Pat Garrett, ya kama shi a Disamba 1880. Aka yi shari'a a Mesilla, alƙali ya sa ranar rataya, 13 ga Mayu, 1881. Ran 28 ga Afrilu, yana tsare a Lincoln, ya sami bindiga ya harbe masu gadinsa biyu, Bell da Olinger, ya hau doki ya fita gari jama'a na kallo. Masu yi masa kirari su kan yi saurin wuce nan. An ce Bell bai taɓa wulakanta shi ba.

Maimakon ya ƙetare iyaka zuwa Meziko, sai ya koma Fort Sumner wurin abokansa. Daren 14 ga Yuli, 1881, ya shiga ɗakin wani mai suna Pete Maxwell cikin duhu, ashe Garrett na zaune a ciki. Garrett ya yi harbi biyu, ɗaya ya same shi a ƙirji. Shekarunsa 21.

A 2010 aka roƙi Gwamnan Niyu Meziko, Bill Richardson, ya cika alkawarin Wallace, ya duba takardu ya ƙi. Hoton kuwa, Bili ya ba abokinsa Dan Dedrick, ya zauna a hannun danginsa shekara fiye da ɗari. A watan Yuni 2011 aka yi gwanjonsa a birnin Denver, wani attajiri ya saye shi dala miliyan 2 da dubu 300.